Kwali ɗaya, suna uku: yadda na kusa kashe wa Goggo kasuwar kifi

1/
Jiya wani ɗan'uwa ya tambaye ni wai me ya sa kowace Lahadi da dare nake cewa ina "gyaran katalog", alhali busasshen kifi kawai nake sayarwa. Na ce masa amsar ba za ta shiga saƙo ɗaya ba. To ga ta nan. Zare ne, kuma yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/
Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan Yelwan Yauri ne. Ina sayar da kifin banda ta WhatsApp da Facebook, wani lokaci har da shinkafa 'yar gida da albasa idan kakarsu ta yi. Amma kifin ba nawa ba ne, na Goggona ne, ƙanwar mahaifina. Ita ke sammakon bakin ruwa, ita ke ciniki da masunta, ita ke shan hayaƙi har idonta ya yi ja. Ni nawa waya ce da surutu.

3/
Kifin yana zuwa mana daga nan Yauri da Zamare, daga Warra can ƙasar Ngaski, wani kuma daga sama ta wajen Shanga. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye gungu da tunga masu yawa, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Tafkin da ya maye gurbin gonakinsu shi muke ci yau. Bagunge da Basarke da Bakambare da Bahaushe, kowa da abin da yake ja daga cikinsa, kowa kuma da sunan da yake kiran abin. Ku riƙe wannan maganar ta suna, za mu dawo kanta.

4/
Na buɗe katalog na WhatsApp Business a 2021. Abin ya yi mini daɗi: ka sa hoto, ka sa suna, ka sa farashi, ka rubuta ɗan bayani, shi ke nan shagonka ya tsaya. Duk ranar da Goggo ta sauke banda sai in ɗauki hoto in ƙara sabon abu. Ban taɓa komawa na goge tsoho ba. A ganina yawan kaya shi ne cikar shago.

5/
Da oda ta fara yawa sai na jawo ƙanena. Na ba shi wayar shago, shi ke amsa saƙo idan ina tasha, shi ke ɗaure kwali. Shi ma idan ya ga sabon kifi sai ya ɗauka ya sa. Ba wanda ya ce da wani ga yadda za a rubuta. Mu biyu, waya ɗaya, kowa da irin rubutunsa.

6/
Mafi yawan cinikina a lokacin daga wani guruf na mata yake fitowa a Abuja. Wata Hajiya ce ta fara saye, ta ji daɗi, ta tallata ni a cikin ƙawayenta ba tare da na roƙe ta ba. Ba ta taɓa ganina ba amma "ɗana" take kirana. Ni kuma Hajiya Babba. Da kuɗin matan nan Goggo ta sake ginin wurin bandarta.

7/
Ƙarshen 2023 'yarta ta haihu. Ta shiga katalog da kanta, ta zaɓi "Ragon ruwa babban kwali", ta tura kuɗi, ta turo shaidar biya. Ta ce na mai jego ne, kuma za a yi miyar suna da shi, dangin miji za su zo daga nesa. Ina Koko ranar, na ce wa ƙanena ya ɗaure ya kai tasha. Mota ta bi Kontagora, Tegina, Minna, kaya ya isa lafiya.

8/
Washegari da safe na ga saƙon murya na minti uku. Ba ta zage ni ba, wallahi da ma zagin ta yi. Cewa ta yi: "Ɗana, abin da na gani a hoto ba shi na gani a kwali ba. Na buɗe a gaban surukaina. Ban zaci haka daga gare ka ba." Sai ta turo hoto biyu jere: na katalog, manya-manyan kifi sun cika kwali har sun yi tozo. Na biyu, ƙaramin kwali da matsakaita a ciki.

9/
Kafin azahar wata daga cikin guruf ɗin ta turo mini abin da ake faɗa. A ciki na ga kalmar "macuci" kusa da sunan shagona. Na zauna a benci a tasha na kasa tashi.

10/
Abu na farko da na yi, kuma ina jin kunyarsa har yau, na kira ƙanena na sauke masa kwandon faɗa. Ya yi shiru har na gama. Da na dawo gida ya ɗauko littafin da muke rubuta oda ya buɗe mini. Ya ce, "Yaya, duba. Kuɗin da ta turo kuɗin wane kwali ne a nan?" Na duba. Kuɗin ƙaramin kwali ne cif. Yaron bai yi kuskure ba. Hajiya ma ba ta yi ba.

11/
Ga abin da ya faru. Ragon ruwa sau uku yake a katalog ɗin:

"Ragon ruwa babban kwali"
"ragon ruwa (kwali)"
"R/ruwa manya sabon banda"

Na farkon ni na sa shi tun 2022, da hoton wani kifi na musamman da Goggo ta samo daga Warra, da farashin wancan lokacin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mun ƙara kuɗi ya fi sau uku, saboda man inji da itace da kuɗin mota duk sun tashi. Muna gyarawa a na biyu da na uku. Na farkon ya nutse can ƙasa, mun manta da shi. Shi Hajiya ta gani. Tsohon farashin babban kwali ya zo daidai da sabon farashin ƙarami.

12/
Wato farashi huɗu muke da shi ga abu ɗaya: na katalog, na shafin Facebook, na littafi, da wanda ke cikin kan Goggo. Kowanne gaskiya ne a ranar da aka faɗe shi.

13/
A kasuwar Yauri irin wannan ba za ta faru ba. Mai saye yana tsugune gaban kifin, ya ɗaga, ya juya, ya shinshina, ya karya wutsiya ya ji bushewa. Ko ka kira shi da sunan da bai sani ba, idonsa na kai. Amma matar da ke Kubwa ba ta da hanci a nan, ba ta da hannu. Layi uku da hoto ɗaya da na rubuta su ne idonta. Ni kuma na bar su shekara guda da rabi ban waiwaye su ba.

14/
Na tura mata babban kwali na gaske a motar dare, kuɗin daga aljihuna, don ba zan iya ce wa Goggo ta yi asarar abin da ba ta da hannu a ciki ba. Kwasata ta adashe ta wannan watan can ta tafi. Kifin ya isa bayan an watse daga suna. Hajiya ta rubuto "Na gani." Kalma biyu ke nan.

15/
Daren nan ni da ƙanena muka zauna da fitilar caji, na ba shi haƙuri tukuna, sannan muka fara kwafe duk abin da ke katalog zuwa takarda. Abu 96 muka ƙirga. Da muka haɗe masu maimaici muka cire waɗanda mun daina sayarwa, ainihin kayanmu 31 ne. Sauran 65 ɗin tarko ne kawai da muka ɗana wa kanmu, na Hajiya ne ya fara kamawa.

16/
Yanzu mu dawo kan suna, don nan ne aikin ya fi cin rai.

Kifin da mu nan muke ce wa gargaza, mutumin Kano karfasa ya sani. Bargi wasu balli suke cewa. Yauni wasu ɗan sarki suke kiransa, Bayerabiya kuwa idan ta shigo "eja osan" za ta tambaya. Giwan ruwa ne ko giwar ruwa? Mu biyu a ɗaki ɗaya ba mu yarda da juna ba. Duk waɗannan sun shiga katalog a matsayin kaya daban-daban, da farashi daban-daban. Akwai lokacin da karfasa ta fi gargaza tsada a shagona. Kifi ɗaya, daga banda ɗaya.

17/
Sai kuma rubutu. Ni wayata tana da ƙ mai lanƙwasa, ina rubuta ƙurungu. Ƙanena kurungu yake sawa. Busasshe, busashe, bushashshe, duk akwai. Mutum yana karantawa ya gane, amma idan ka ce wa kwamfuta ta nemo maka, a wurinta k da ƙ ba su haɗa dangi ba. Sai ta kawo rabi ta bar rabi, kai kuma ka ɗauka ka gyara duka.

18/
Wani abokina da ya yi karatu a kwalejin kiwon kifi ta tarayya da ke New Bussa ya yi mini dariya. Ya ce masana sun sha wannan wahalar tun kafin a haifi kakana, shi ya sa suka ba kowane kifi suna ɗaya na Latin da ba ya canzawa. Giwan ruwa ko a Masar ko a Yuganda Lates niloticus ne. Bargi Heterotis niloticus, yauni Gymnarchus niloticus, tarwada Clarias. Na ce to ni Hajiyoyina ba za su yi odar Latin ba. Ya ce ba don su ba ne, don kai ne: ka samu abu ɗaya da ba ya motsi, sauran sunaye su rataya a jikinsa.

19/
Wannan maganar ce ta buɗe mini kai. Manyan kantuna ma haka suke yi. Zanen layukan nan da ke bayan kwalin madara ko sabulu, lamba ce kawai ta kayan. A 1974 aka fara karanta ta da na'ura a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka, a kan fakitin cingam. Wadda aka yi wa rajista a Najeriya da 615 take farawa, ku duba wani abu a kicin ɗinku. Ni ba ni da na'ura, amma WhatsApp ya bar gurbin lambar kaya a kowane abu, shekara biyu ina tsallake shi.

20/
Sai muka ƙirƙiri tamu. Harafi biyu na kifi, ɗaya na girma, sai nauyi. RR-B-2 ragon ruwa babba kilo biyu. GZ-M-1 gargaza matsakaiciya kilo ɗaya. Sunan da ke sama kuwa tsari ɗaya ne ga kowa: sunan kifi, girma, nauyi. Sauran sunayensa suna cikin bayani a ƙasa. Na zaɓi sunan Yauri ya zama shi ne a sama, gargaza ba karfasa ba. Wasu sun ce Kanawa sun fi yawa a masu saye. Gaskiya ne. Amma da Goggo nake magana kullum, kuma kuskure tsakanina da ita ya fi tsada.

21/
Kun lura na ce kilo. To nan aka yi yaƙi.

"Kwali" ba ma'auni ba ne. Akwai kwalin taliya, akwai na sabulu, akwai na madara, akwai wanda ƙanena ya samo a shagon maƙwabci ranar da namu ya ƙare. Duk "kwali" muke rubutawa. Haka mudun shinkafa, na wannan kasuwa ba lalle ya zo ɗaya da na waccan ba, balle a kai ga tiyar Kano. Na sayo sikeli na kai wa Goggo.

22/
Ta dube shi ta dube ni. Ta ce, "Kai wanga yaro, kihi za ka aza ma sikeli? Nama ne? Ni da idona nika awo. Shekara nawa ina wagga sana'a, wa ya taɓa cewa na tauye shi?"

Ta ji zafi, kuma tana da hujja. A wurinta sikeli zargi ne. Mace ce da ke tsoron tauye mudu fiye da yadda take tsoron asara, tun muna yara take mana wa'azi da Suratul Muɗaffifina. Na ce, "Goggo, ba idonki nake zargi ba. Idonki ba ya shiga mota ya je Abuja." Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska.

23/
Da ta yarda kuma ita ce ta koya mini abin da ban sani ba. Ta ce in auna kifi ranar da aka sauke, in sake aunawa bayan mako. Na yi. Ya ragu, don bai gama sakin ruwan jikinsa ba, kuma da iskar hunturu abin ya fi yawa. Da na rubuta nauyin ranar sauka a katalog, da na sake zama macuci da sikelina a hannu. Yanzu doka ce: awo ranar ɗauri, a ɗauki hoton kifin a kan sikeli lamba na nunawa, a tura wa mai kaya kafin a rufe kwali.

24/
Sai ta jefo tambayar da ta tsayar da ni: "To gyara hwa? Ina ka rubuta gyara?"

Goggo ba ta taɓa sallamar mai saye ba ta jefa masa ɗaya ko biyu a kai ba. Na yi niyyar in rubuta a katalog, "da gyaran kifi biyu". Ta ce a'a. In ka rubuta ya zama haƙƙi, ranar da ka sa ɗaya an ce ka ci amana. Gyara abin da mutum bai sa rai ba ne. Ƙarshe muka buɗe masa gurbi a lissafinmu na cikin gida don kada riba ta ɓace mana, amma mai saye ba ya gani sai ya buɗe kwali. Ban taɓa jin wani mai koyar da kasuwancin intanet ya yi wannan bayanin ba.

25/
Hoto ma yana tsufa, wannan na koya da tsada. Kwara ruwa biyu take kawo mana a shekara: farin ruwa na damina mai laka, da baƙin ruwa da ke isowa cikin sanyi daga can tsaunukan Gini bayan ya ratsa Mali ya zubar da lakarsa. Abin da masunci ke kamawa yana tafiya da ruwan, iri da girma duka. "Babba" na wannan wata ba shi ne "babba" na wancan ba. Don haka muka daina barin kalmar ita kaɗai. Muna rubuta guda nawa ke shiga kilo. Kowane hoto kuma da kwalin ashana a gefe don a ga girma, kuma ba ya wuce wata uku a sama.

26/
Duk wannan yana zaune wuri ɗaya yanzu, a Google Sheets. Layi ɗaya, kaya ɗaya: lamba, suna, sauran sunaye, nauyi, guda nawa, farashi, ranar da aka taɓa farashin, ranar hoto, akwai ko babu. Idan abu ya canza can ake fara gyarawa, sannan WhatsApp. A Facebook na daina sa farashi gaba ɗaya, sai dai in tura mutum katalog, don tsohon rubutu ba ya mutuwa, wani zai tono shi bayan shekara ya ce ai haka ka ce.

27/
Kuma mutum ɗaya ke taɓa katalog. Ƙanena ne, ba ni ba. Ya fi ni haƙurin rubutu, ni na fi shi baki. Ni da na buɗe shagon sai na nemi izini kafin in ƙara abu. Ranar farko da ya ce mini "Yaya, wannan akwai shi a layi na 12" na ji wani iri, amma akwai shi ɗin.

28/
Kayan da ya ƙare ba ma gogewa, ɓoye shi muke yi. Warangi misali, ƙananan nan da ake aunawa da mudu, yana zuwa yana ɗaukewa. In ka goge, ranar da ya dawo za ka sake rubuta shi da sabon suna, ka koma gidan jiya.

29/
Kada wani ya ɗauka komai ya daidaita. Ranar kasuwa farashi na iya motsawa tsakanin safe da la'asar, sabis kuma ya ɗauke a bakin ruwa, Goggo ta sayo da tsada mu nan muna nuna na jiya. Sau biyu na cika oda a kan asara saboda abin da ke rubuce shi mai saye ya gani. Goggo tana ganin wauta ce, wai a kira mutum a yi masa bayani mana. Har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.

30/
Matan guruf ɗin wasu sun dawo, ba duka ba. Hajiya Babba ba ta sake oda ba. Ina gaishe ta da Sallah, tana amsawa da "Amin, na gode." Ba ta sake ce mini ɗana ba. Jikan nata yanzu ya isa yawo da ƙafarsa.

31/
Abin da ya sa ma na tuna duk wannan: shekaranjiya Goggo ta sauke wani kifi da aka kawo mata daga wajen Shanga. Ita ta kira shi da suna ɗaya, masuncin da ya kawo ya kira wani, maƙwabciyarmu Bagungiya ta ce duk ba haka ba ne. Ƙanena ya ƙi sa shi a katalog. Yana layi na 34, gurbin suna babu komai, kuma kilo shida ne, ga ƙwari ba sa jira. Hotonsa na nan a ƙasa da kwalin ashana a gefe. Mutanen Warra, mutanen Shanga da Zamare, don Allah me kuke ce masa a wajenku?